Mako Shida Kan Lambobi: Abin da Jami'a Ke Iya Yi wa Ɗan Sakandare a Dogon Hutu

Daga ƙarshen watan Yuni zuwa farkon Agusta, lokacin da ɗaliban jami'o'in Amurka ke watsewa zuwa gidajensu, akwai ɗakunan kwanan da ba a rufewa. A Jami'ar Boston, yara kimanin 80 'yan shekara 14 zuwa 18 ne ke tarewa a ciki har mako 6, a ƙarƙashin wani shiri da ake kira PROMYS, wanda aka fara a 1989. Ba jarrabawar shiga jami'a ake shirya su ba, ba kuma darussan zango mai zuwa ake gabatar musu ba. Da safe a yi musu lacca guda, sannan a miƙa wa kowa takardar tambayoyi, a bar shi da ita har dare. Gobe wata takardar na tafe, ko an gama ta jiya ko ba a gama ba, kuma galibi ba a gamawa. Duk makonnin nan a kan abu ɗaya ake, wato lambobin da kowa ya sani tun firamare: 1, 2, 3 da 'yan uwansu. Mai kallo daga waje zai iya cewa ɓata hutu ne. Ni kuwa ina ganin irin wannan shiri yana cikin ayyuka mafi arha kuma mafi amfani da jami'a za ta iya yi wa al'ummar da take zaune a cikinta, da sharaɗin ta fita da kanta ta nemo yaran, ba ta zauna tana jiran waɗanda iyayensu suka san hanya ba.

Tushen PROMYS wani shiri ne da ya girme shi da shekara fiye da 30. Wanda ya kafa shi, Arnold Ross, an haife shi a Chicago a 1906, amma a Odesa ya tashi, cikin yunwa da rikicin juyin juya halin Rasha. A can aka samo masa wani babban malamin lissafi mai suna Shatunovsky ya riƙa koyar da shi, kuma da yake kuɗi sun zama takarda a lokacin, da alewa aka biya malamin. Ross ya koma Amurka a 1922, ya yi digirin digirgir a Jami'ar Chicago, daga baya ya shugabanci sashen lissafi a Jami'ar Notre Dame. Da malaman sakandare ya fara, yana tara su a dogon hutu yana zurfafa musu ilimi. A 1957, shekarar da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan Adam na farko, Sputnik, hankalin Amurka ya tashi, gwamnati ta buɗe bakin aljihu ga ilimin kimiyya, shi kuma Ross ya buɗe ƙofa ga ɗaliban sakandare su kansu. Shirin ya koma Jami'ar Jihar Ohio a 1964, kuma mutumin nan bai daina tsayawa gaban yara kowane hutu ba sai a 2000, yana da shekara 94, da ciwon shanyewar jiki ya kwantar da shi. Ya rasu a 2002. Waɗanda suka kafa PROMYS, irin su Glenn Stevens, tsofaffin ɗalibansa ne. Abin da ya yi ta nanata wa yara shi ne su zurfafa tunani a kan abubuwa masu sauƙi, kuma duk tsarin a kan haka aka gina shi.

Sai an ga irin tambayoyin sannan za a gane abin da ake nufi. A ce kana bakin famfo da jarka biyu, ɗaya mai cin lita 7, ɗaya mai cin lita 5, babu alamar awo a jikinsu, aka ce ka fitar da lita 1 cif. Yaro zai yi ta gwadawa har ya dace: ya cika ƙaramar ya juye a babbar, ya sake cikawa ya ƙarasa cika babbar, saura lita 3 a hannunsa, ya zubar da babbar ya juye ukun a ciki, ya sake cika ƙaramar ya ƙarasa babbar da lita 4, sai ga lita 1 ta rage. A aji, nan ake tafa masa a wuce. A sansanin lissafi irin na Ross kuwa nan aikin yake farawa. Idan jarkokin na lita 6 da lita 4 ne fa? Zai gwada ya gaji, sannan ya lura cewa duk abin da ya fito shafa'i ne, ba za a taɓa samun wutiri ba. To me ya bambanta 7 da 5 daga 6 da 4? Idan an ba ka kowace jarka biyu, ta yaya za ka san mafi ƙanƙantar awon da za su iya fitarwa tun ba ka taɓa ruwa ba? Yaron da ya bi wannan zare har ƙarshe ya gano da hannunsa hanyar da masanin lissafi Yuklid ya rubuta shekara fiye da 2,000 da suka wuce, wadda kuma har yau take aiki a cikin dabarun da ke tsare sirrin saƙonnin banki a intanet. Babu wanda ya faɗa masa sunanta tukuna. Jerin tambayoyin ne aka tsara da gangan yadda kowace za ta tura shi ga ta gaba.

Wani misalin ya fi wannan nisa. Akwai lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 da su kansu, mu kira su gagara-rabo: 3, 5, 7, 11, 13 da sauransu. Wasunsu ana iya samun su ta hanyar haɗa lambobi biyu da aka ninka kowace da kanta. 5 ita ce 1 da 4, 13 ita ce 4 da 9, 17 ita ce 1 da 16, 29 ita ce 4 da 25. Amma 3, 7, 11, 19 da 23 sun ƙi. Ba a gaya wa yaro dalili, sai a ce ya jera su ya duba. Bayan ɗan lokaci zai ga cewa duk masu yarda a cikin wutiri, idan aka raba su da 4, saura 1 ake samu, masu ƙi kuwa saura 3. Rabin maganar yana da sauƙin tabbatarwa, domin duk lambar da aka ninka da kanta saura 0 ko 1 take bari idan an raba ta da 4, saboda haka biyu daga cikinsu ba za su taɓa haɗuwa su bar 3 ba. Ɗaya rabin, wato cewa duk gagara-rabon da ta bar 1 dole ta yarda, shi ne mai wuya. Masanin lissafi Fermat na Faransa ya faɗe shi a 1640, amma sai da aka yi shekara fiye da 100 kafin wani masanin, Euler, ya kawo cikakkiyar hujja. Yaro na iya cewa ai ya gwada sau 30 ya ga haka ne, me kuma ake nema? Nan ake nuna masa wani abin: ɗauki lamba, ka ninka ta da kanta, ka ƙara ta a kai, ka ƙara 41. Da 1 za ka samu 43, da 2 ka samu 47, da 3 ka samu 53, duk gagara-rabo, haka za a yi ta tafiya har 39 ba kuskure. Da an kai 40 sai a samu 1,681, wadda ita ce 41 sau 41. Wanda ya ga wannan da idonsa yana ɗan shekara 15 ya fahimci bambancin abin da aka saba gani da abin da aka tabbatar, kuma wannan fahimta za ta bi shi ko likita ya zama, ko alƙali, ko ɗan jarida.

Me ya hana makarantar sakandare yin haka da kanta? Ba laifin malamai ba ne, tsarin ne bai bar wuri ba. Malami na da minti 40, da manhajar da dole ya ƙare, da jarrabawar da ke auna saurin amsa. A irin wannan yanayi, yaron da ya yi minti 10 bai samu amsa ba sai ya ɗauka kansa ne ba ya ja, alhali masu lissafi na gaske kan yi watanni a cije a wuri guda, kuma wannan cijewar ita ce aikin. Jami'a tana da abubuwa biyu da sakandare ba ta da su. Na farko, mutanen da sana'arsu ita ce fuskantar tambayar da ba a san amsarta ba. Na biyu, kuma a ganina ya fi na farko muhimmanci, ɗaliban digirin farko da ke kwana gini ɗaya da yaran a matsayin yayye, kowane da yara 3 ko 4 a hannunsa. Su ne ke karanta abin da yaro ya rubuta kowace rana, layi bayan layi, su sa alama inda hujja ta yi rauni su mayar masa ya sake. Ba sa ba da amsa, sai dai su mayar da tambaya. Su ma kuma suna da nasu darussan da ke ba su wuya, yaran na ganinsu suna fama. Kamar yaron shagon tela ne: abin da yake koya ta kallon maigidansa ya warware ɗinkin da ya karkace ya sake, ba zai same shi a jikin rigar da aka gama aka rataye ba. Littafin aji rigar da aka gama kawai yake nunawa.

Amurka ba ita ta ƙirƙiro wannan ba. A Hungari, wani malamin sakandare mai suna Dániel Arany ya kafa mujallar tambayoyin lissafi ta 'yan makaranta a 1894, yara na aiko da amsoshi ta gidan waya ana buga sunayen waɗanda suka yi fice, kuma masanin lissafi Paul Erdős na cikin waɗanda suka taso a kanta. A Tarayyar Sobiyet, malaman jami'a sun fara gasar lissafi ta 'yan makaranta a Leningrad a 1934, Mosko ta biyo baya a 1935, tare da da'irorin lissafi da ɗaliban jami'a ke jagoranta da yamma. A 1963 Andrey Kolmogorov, ɗaya daga cikin manyan masana lissafi na ƙarni na 20, ya buɗe makarantar kwana a ƙarƙashin Jami'ar Mosko domin yaran da ke wajen manyan birane, ya kuma riƙa shiga aji da kansa shekara da shekaru. Wanda ya fi jan hankalina shi ne Israel Gelfand. Shi kansa bai ƙare sakandare ba, ya zo Mosko yana ɗan shekara 16 yana 'yan ayyuka yana leƙa laccoci, har Kolmogorov ya ɗauke shi ɗalibi. Da ya zama babba bai manta ba: a 1964 ya kafa makarantar lissafi ta wasiƙa, inda yaron ƙauye zai karɓi ɗan littafi da tambayoyi, ya aika da amsarsa, ɗalibin jami'a a Mosko ya duba ya rubuta masa sharhi ya mayar. Dubban yara sun bi ta wannan hanya. Grigori Perelman, wanda ya warware matsalar Poincaré a farkon shekarun 2000 bayan ta gagari duniya kusan shekara 100, a da'irar lissafi ta Leningrad ya taso.

To amma jero sunayen manya ba hujja ba ce, kuma nan ne suka mafi ƙarfi take. Mai suka zai ce ai waɗannan shirye-shirye zaɓen yara suke yi. Sun tsince mafi hazaƙa, daga baya su yi alfahari da nasarar da yaran za su samu ko da ba su zo ba. Maganar tana da gaskiya a ciki, domin babu wanda ya raba yara biyu da ƙuri'a ya tura rabi sansanin Ross ya hana rabi sannan ya bi rayuwarsu. Sai dai ginshiƙin sukar, wato cewa mai baiwa zai kai ko ta yaya, shi ne binciken da ake da shi ya rushe. Masana tattalin arziki biyu, Ruchir Agarwal da Patrick Gaule, sun bi sawun yaran da suka shiga gasar lissafi ta duniya, wadda aka fara a Romaniya a 1959. Sun kwatanta waɗanda suka ci maki iri ɗaya a takarda iri ɗaya, suka tarar cewa 'yan ƙasashe matalauta ba su cika kaiwa ga digirin digirgir a lissafi ba, kuma abin da suke wallafawa na bincike a rayuwarsu ya gaza na takwarorinsu 'yan ƙasashe masu arziki da kusan kashi ɗaya cikin uku. Baiwa ɗaya, makoma daban. Wani binciken da Raj Chetty da abokan aikinsa suka yi a Amurka ya nuna cewa yaran gidajen da ke sahun kashi 1 cikin 100 na masu kuɗi sun ninka yaran rabin ƙasa na al'umma sau 10 wajen zama masu ƙirƙira, kuma ko a cikin waɗanda suka yi zarra a lissafi tun firamare gibin yana nan. Babban abin da suka gano yana tasiri shi ne ko yaro ya tashi yana ganin masu irin wannan aiki. Wannan bai tabbatar da cewa kowane sansani yana aiki ba. Amma ya nuna ainihin ramin da baiwa ke faɗawa, kuma haɗa yaro da masu aikin shi ne abin da sansani yake yi.

Suka ta biyu ta fito daga cikin wannan amsar, kuma ta fi ciwo. Idan haɗuwa da masana ce ke ɗaga yaro, wa ke samun haɗuwar? Kuɗin irin waɗannan shirye-shirye a Amurka dubban daloli ne. Gaskiya ne PROMYS na ɗauke wa iyalai masu ƙaramin ƙarfi kuɗin gaba ɗaya, amma kafin a kai ga maganar kuɗi sai yaro ya ji labarin shirin, ya samu malamin da zai rubuta masa shaida, ya kuma iya tunkarar tambayoyin neman shiga, waɗanda ɗan gidan 'yan boko ya saba da irinsu tun yana ƙarami. Ƙofa a buɗe take, amma hanyar zuwa bakinta ba kowa ya san ta ba. Idan aka tsaya a haka, sansani zai zama wata hanyar ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi. Tarihin Sobiyet ma yana da nasa tabon: a shekarun 1970 da 1980, sashen lissafi na Jami'ar Mosko ya riƙa kayar da yara Yahudawa da gangan a jarrabawar baka, har wata masaniya, Bella Subbotovskaya, ta buɗe musu karatun sa-kai a 1978. Gidan da ya raini baiwa shi ne kuma ya rufe wa wasu ƙofa. Wannan suka ba ta da amsa ta baki, sai ta aiki. A birnin New York, Daniel Zaharopol ya fara wani shiri a 2011 da yara ƙasa da 20, wanda yanzu ake kira BEAM. Ma'aikatansa ke shiga makarantun unguwannin talakawa su nemo yara tun suna shekara 11 ko 12, ba da makin jarrabawa kaɗai ba, har da lura da wanda wasan ƙwaƙwalwa ke riƙe shi ya ƙi sakewa. Kyauta ne, ana kai su su zauna a harabar kwaleji na makonni, sannan a ci gaba da bibiyarsu har su shiga jami'a. Darasin a fili yake: sai an fara da wuri, sai an je inda yaran suke, kuma hutu guda ba ya isa.

Maganar 'yan mata ma a nan take. Maryam Mirzakhani ta Iran, mace ta farko da ta samu lambar yabo ta Fields a fannin lissafi a 2014, makarantar 'yan mata ta yi a Tehran, inda ba a yin darussan warware matsalolin gasa irin na makarantar maza. Ita da ƙawarta Roya Beheshti suka je wurin shugabar makarantar suka nema, ita kuma ta tsaya sai da aka samar. A 1994 su biyun suka shiga tawagar ƙasarsu, Maryam ta ci zinare, a 1995 ta sake ci da cikakken maki. Da shugabar nan ta ce ba a saba ba, wa ya san inda labarin zai tsaya? Duk jami'ar da ta shirya sansani ba ta yi tunanin abin da zai sa uba ya yarda 'yarsa ta zo ba, wato masauki na daban, mata masu kula, ko zaɓin zuwa da safe a koma gida da yamma, to ta riga ta zaɓi maza tun ba ta buga takardar neman shiga ba.

Suka ta uku ita ce za ta fi zuwa bakin mai karatu a ƙasashenmu. Ƙiyasin Bankin Duniya ya nuna cewa kusan yara 9 cikin 10 a Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimta suna da shekara 10. A irin wannan hali, ba rashin kunya ba ne a tara yara 50 ana yi musu zancen Fermat? Ina ɗaukar wannan tambaya da muhimmanci, amma ina ganin ta haɗa aljihu biyu da ba ɗaya ba ne. Malamin jami'a da ke sashen lissafi ba shi ne zai koyar da 'yan aji biyu na firamare ba, ko an yi sansani ko ba a yi ba. Abin da sansani ke ci shi ne ɗakunan da suke a rufe, da allo da alli da takarda, da abinci, da kuɗin mota, da ɗan alawus na ɗalibai masu kula. Ba ya buƙatar ɗakin gwaji ko na'ura mai tsada. Sannan wa zai koyar da malaman firamaren gobe, wa zai rubuta littattafansu, in ba waɗanda suka fahimci lissafi har ƙasansa ba? Ross da malamai ya fara, PROMYS ma na da reshe na malaman sakandare da ke zama su yi fama da tambayoyi iri ɗaya da na yaran, kuma malami guda da ya ɗanɗana wannan zai koma wa ɗaruruwan ɗalibai da shi. Ba sai an je Boston ba ma. A Jami'ar Maseno da ke yammacin Kenya an fara sansanin lissafi na 'yan sakandare a 2011, na mako guda, da wasannin kati da wasannin ƙwaƙwalwa da kwamfuta, ba tare da bin manhajar jarrabawa ba, kuma daga baya an kwaikwayi tsarin a Habasha da Ghana.

Akwai masu cewa duk yaron da aka wayar haka ƙasar waje zai tafi. Wasu za su tafi, babu musu. Amma maganin wannan ba zai zama a bar yaro cikin duhu don kada ya ga hanya ba, kuma wanda jami'ar garinsu ta fara buɗe wa ido yana da dalilin waiwayowa da wanda bai taɓa taka harabarta ba ba shi da shi.

A Najeriya ba daga sifiri za a fara ba. Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Sheda, kusa da Abuja, wadda aka kafa a ƙarshen shekarun 1980, tana shirya gasa tana horar da tawagar da ke wakiltar ƙasar, akwai kuma gasar nahiyar Afirka da aka fara a Rabat a 1987. Makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da Jihar Kano ta buɗe a 1977 sun riga sun nuna abin da ke faruwa idan aka tara yara masu himma wuri guda aka ba su malamai. Sai dai gasa daban, sansani daban. Gasa na neman mutum 6 da za su hau jirgi, tana fifita mai sauri, sauran kuma su koma gida da sunan sun faɗi. Sansani irin na Ross yana da wuri ga yaro mai tafiyar hawainiya wanda ba ya sakin tambaya, kuma da yawa daga cikin masu bincike na gaske irinsa ne. Haka nan ya bambanta da lasin ɗin hutu da iyaye ke biya, wanda maimaita aji ne da tsofaffin tambayoyin jarrabawa. Kayan aikin ma ba sai an aro duka ba. Muhammadu al-Kashnawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a 1732 kan hanyoyin gina hatimin lambobi mai gidaje wutiri. A ba yaro gida 9 da lambobi 1 zuwa 9, a ce kowane layi, a tsaye da a kwance da a karkace, ya ba da jimla ɗaya. Zai samu 15. Sai a tambaye shi me ya sa dole 15, me ya sa 5 ce kaɗai za ta iya zama a tsakiya, kuma yaya za a yi da gida 25. Wannan aikin kwana biyu ne mai kyau, kuma da Hausa za a iya yin gardamarsa kafin a rubuta.

Abin da zai fi ba da wuya ba lissafin ba ne. Dogon hutunmu a tsakiyar damina yake faɗowa, lokacin da ake buƙatar yaron ƙauye a gona, saboda haka mako 6 ba zai yiwu ga wanda aka fi son a samu ba. Mako 2, ko hutun ƙarshen shekara bayan an kai amfani gida, ya fi kusa da gaskiya. Kalandar jami'o'in gwamnati kan goce saboda yajin aiki, har ɗakunan kwana su kasance cike a watan Agusta. Malamin da ya ba da hutunsa ga 'yan sakandare kuma ba ya samun ko maki ɗaya a takardar ƙarin girma, wadda wallafa kawai take ƙirgawa, kuma muddin majalisar jami'a ba ta gyara wannan ba, shirin zai rayu ne gwargwadon ƙarfin mutum ɗaya mai sadaukarwa, ya mutu ranar da ya gaji. Sannan akwai watanni 11 da ke biyo bayan sansani, lokacin da yaro zai koma ajin da babu mai tambayarsa dalili. A nan tsarin Gelfand ya fi na kowa dacewa da mu, kuma yau ya fi sauƙi fiye da 1964: takardar tambayoyi guda a wata, a tura ta WhatsApp ɗin malamin lissafi na makarantar, yara su rubuta amsa da hannu, ya ɗauki hoto ya mayar, ɗaliban aji uku da aji huɗu na sashen lissafi su duba su rubuta sharhi, a kuma lissafa musu wannan cikin aikin kwas ɗinsu.